Lugu, garin da ya riga sarauta zama a ƙasar Arewa

In aka ce Lugu, abin da ke fara zo ma mutane a rai shi ne yaƙin Sarauniya Mangu da sojan Faransa. To amma garin ya girmi wannan yaƙi nesa ba kusa ba. Yau asalinsa muke son mu bi.

Lugu ƙaramin ƙauye ne cikin komin ɗin Ɗankasari, gundumar Dogon Dutsi, jahar Doso. Tarihin baka na cewa wata mace, Ƴar Ƙasa, ita ta kafa shi. Daga Daura ta taso da mutanenta, suna biye da wani dutsi mai suna Tunguma, inda ya tsaya nan suka sauke kaya suka sari daji. Ita ce Sarauniya ta farko. Dutsin kuwa ya zama wurin shari'a, in magana ta gagara sai a kai ta gabansa.

Zuriyar waɗannan mutanen farko su ake kira Gubawa, ko ƴan ƙasa. Ƙasa tasu ce, su ke roƙon ruwa da albarkar damina bisa al'adar Azna. A Bagaji ma akwai Baura, mai irin wannan matsayi. Daga baya ne, in ji tsofaffi, Ari ya zo daga Barno, Baura ya ba shi ɗiyarsa aure, aka haifi Akazama, kakan sarakunan Arewa. Sai aka raba aiki, baƙo ya riƙe sarauta, ɗan ƙasa ya riƙe ƙasa. Shi ya sa ƙauye ƙarami kamar Lugu ke da nauyin da wasu manyan garuruwa ba su da shi.

Ko naɗin Sarauniya daban yake. In ta rasu ana yin tarkama: a ɗauki gawarta, wadda gawar ta nuna ita ce magajiya. Daga ranar sai ta tare a ɗakinta, ta daina yawo.

A watan Afrilu na 1899 ne rundunar Vule da Shanwan ta faɗa wa garin, ta ƙone shi bayan an yi artabu. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi kan labarin a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Duniya ta san yaƙin, amma sunayen gidajen da suka fara zama, da wanda ya gina rijiyar farko, da iyakar gonakin kowa, waɗannan suna bakin tsofaffi ne kawai, kuma tsofaffin suna ta tafiya.

Don haka muna kira ga ƴan Arewa da ke Yamai, Legas, Kwatano ko Abijan: in kun zo ganin gida, ku zauna da dattawa, ku kunna salula ku naɗi abin da suka sani. Ku aiko mana, mu sa wa jama'a su ji.