Tseren Kilomita 5 Ya Ishi Ƙaura Namoda

Tun da Legas ta fara gudun fanfalaki na kilomita 42 a 2016, sha'awar irinsa ta kama wasu jihohi, har Kaduna ta yi nata na kilomita 21 a Nuwamba 2020. Kusan kullum 'yan Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtuka, 'yan gida da ke taɓukawa kuwa galibi daga tsaunukan Filato suke. Sai dai zakarun nan ba su ne taron ba. Taron shi ne dubban da ke biye da su, tela da ɗalibi da ma'aikacin ofis, masu gudu don sha'awa ba don kuɗi ba. Don irin waɗannan ya kamata garuruwa kamar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su yi tunanin tsere, kuma ɗan gajere: kilomita 5, a cikin gari.

Dalilin gajartar yana jikin mutum. Kilomita 42 na neman atisayen watanni da takalmi mai tsada da abinci na musamman. Kilomita 5 kuwa, lafiyayyen da bai taɓa gudu ba zai iya kai ta cikin wata biyu, in ya fara da haɗa tafiya da sassarfa sau uku a mako, kuma ran tsere minti 30 zuwa 40 sun ishe shi. Kuskuren sabon shiga ɗaya ne a ko'ina: a busa usur ya zabura da masu gaba, kafin rabi numfashi ya ƙare. Wanda ya fara a hankali, yadda zai iya magana yana gudu, shi ke wuce masu zabura a ƙarshe. Irin wannan gajeren tsere ba sabon abu ba ne: da mutum 13 aka fara parkrun a wani lambu na Landan a 2004, gudun kilomita 5 kyauta kowace safiyar Asabar, yau ga shi a ƙasashe da dama.

Za a ce ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta gudu? Maganar tana da nauyi, don hanyoyin da suka tashi daga Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi sun sha hare-hare, kuma babu mai hankalin da zai jera mutane a kansu. Amma wannan hujja ce a kan dogon tsere, gajere bai shiga ba. Zagaye biyu na kilomita biyu da rabi a tsakiyar gari, a ce daga wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasan da layin dogo ya iso a 1929, ba ya fitar da kowa daji. Taron bai kai na hawan salla ko cin kasuwa ba, waɗanda ake yi har yanzu, kuma da izinin masarauta da jami'an tsaro za a yi shi. Zafi ma haka: a Afrilu, da ma'auni ke haura digiri 40, tsere ganganci ne, amma sanyin hunturu bayan sallar asuba ya yi daidai, in dai ba ranar da hazo ya yi kauri ba ce.

Akwai kuma masu cewa wanda ya wuni da fartanya ba ya buƙatar motsa jiki. Gaskiya ne, manomi ya biya nasa. Mai shago fa, da ɗan acaba, da malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, waɗanda zama ya yi wa yawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi shawarar minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma sanya ranar tsere a gaba na sa mutum ya dage. Abin da ya fi wuya shi ne kunya. A ƙasar da ake girmama dambe da kokawa, magidanci mai gudu a titi sai a tambaye shi ko lafiya. Shi kaɗai abin kallo ne, amma cikin mutum ɗari ba mai nuna shi. Mata za a iya ware musu nasu a filin makaranta mai katanga, cikin suturarsu. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ya fara zuwa asibiti a auna shi kafin ya rubuta suna.