Hutun Makarantu Na Bazara: Kada A Yi Lissafi Da Ranar Bara

Jama'a 'yan kasuwa, muna jawo hankalinku kan hutun ƙarshen zango na biyu, watau hutun da 'yan makarantar boko ke samu da bazara. Zango uku ake yi a shekara. Hutun Disamba da babban hutu na Agusta kusan kullum suna nan wurinsu. Amma shi wannan na bazara ba shi da mazauni, bana nan, baɗi can.

Dalili biyu ne. Na farko bikin Ista, wanda ke faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2024 ran 31 ga Maris aka yi shi, a 2025 kuwa sai 20 ga Afrilu. Na biyu watan azumi, wanda ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta 2023 ta kama 21 ga Afrilu, ta 2024 ran 10 ga Afrilu, ta 2025 ran 30 ga Maris. Kowace jiha kuma ma'aikatarta ta ilimi ce ke duba waɗannan ranaku ta yanka nata hutun. A 2025 jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi tun ƙarshen Fabrairu suka sallami yara saboda azumi, sai bayan Sallah aka koma. Wasu jihohin kuwa sai Afrilu suka rufe.

To, ina ruwan ɗan kasuwa? Ruwansa babba. Mai awara da mai ƙanƙara da mai alewa na bakin makaranta, ran da aka rufe ƙofa cinikinsu ya tsaya cik. Wanda ya saro kayan wata guda ana saura kwana uku a tashi, ga zafin bazara, uwar kuɗi ma sai ya nema. Haka ɗan kwangilar da ke kai gero da wake da man gyaɗa makarantun kwana: in hutu ya zo da wuri, kaya na ajiye, ƙwari na ci, mai bashi na jira.

Wasu kuwa lokacin ne kakarsu. Ranar sallamar 'yan makarantar kwana da ranar komawa tasha takan cika maƙil, kuɗin mota ya hau. Mai kaya zuwa wani gari gara ya kauce wa ranakun nan biyu. Makon komawa kuma shi ne na masu gari da sukari da sabulu da littattafan rubutu. Amma fa a lura, in komawa ta biyo bayan Sallah, iyaye sun riga sun kashe a ɗinki da cefane, ga kuɗin makaranta. Ciniki zai yi nauyi, masu neman bashi su yi yawa.

Shawararmu ita ce, tun farkon zango a nemi jadawalin shekara wurin hedimasta ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. A sake tambaya in hutu ya kusa, domin gwamnati takan sauya rana. Mai kai kaya wata jiha ya nemi na can, kada ya auna da na garinsu. Kayan da ke lalacewa a rage saronsu mako biyu kafin a tashi, kayan komawa kuwa a tanada tun ana cikin hutu, kafin farashi ya motsa.

Allah ya kawo kasuwa mai albarka, amin.