Yoyon man giya a injin jirgin ruwa: mu gano shi tun da wuri

Kogin Kwara yana ratsa ƙasarmu kimanin kilomita 550, daga iyakar Mali har zuwa Gaya. A kansa jiragen ruwa masu inji suke kai shinkafa da albasa da kifi kasuwa. Su ne kuma suke kai marar lafiya likita daga tsibiri. Idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa, dukiya da rayuka suna cikin haɗari. Sau da yawa kuwa mafarin wannan mutuwa ɗan yoyon mai ne da aka raina.

Ina man giya yake?

A ƙafar inji, wato sashen da yake nutsewa cikin ruwa, akwai akwatin giya. Shi ne yake juya farfela. A cikinsa akwai mai mai kauri, lamba 90. A ƙananan injuna wannan mai bai kai rabin lita ba, saboda haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya ƙarar da shi. Abin da yake tsare man a ciki, ya kuma hana ruwa shiga, zobba ne na roba. Inda mai ya samu hanyar fita, nan ruwa yake samun hanyar shiga.

Yadda za mu gane

Mu tsai da inji a tsaye a kan tudu, mu ajiye kwano a ƙarƙashinsa. A jikin akwatin akwai noti biyu, na sama da na ƙasa. Mu kwance na ƙasa, sa'an nan na sama, mu dubi abin da ya zubo.

Idan man yana da haske, lafiya lau. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Idan ruwa zalla ya fara fitowa, ɓarnar ta daɗe. Idan kuma muka ga ɓarɓashin ƙarfe a ciki, haƙoran giya sun fara cin juna.

Kada mu ruɗe da baƙin man da yake ɗiga ta tsakiyar farfela. A injin da ake gauraya wa mai da fetur, wannan ragowar man da bai ƙone ba ne, yana fita tare da hayaƙi. Man giya kuwa yana da wari mai ƙarfi, hanci ba ya ɓata shi.

Daga ina yoyon yake zuwa?

Babban mai laifi shi ne zaren kamun kifi. Guntun zaren ƙugiya ko na koma yakan naɗe a bayan farfela, inda ido ba ya gani. Yana juyawa yana cin zoben roba har ya yanke shi. Na biyu, ɗan zoben da yake ƙarƙashin kowane noti yakan mutu idan an yi ta ɗaurewa da kwancewa. Na uku, a watannin Mayu da Yuni, lokacin da kogi yake janyewa, farfela takan bugi dutse, sandarta ta lanƙwashe, ta riƙa cin roba. Akwai kuma wasu zobba a ciki, ƙarƙashin famfon ruwa.

Gyara

Kafin mu taɓa farfela, mu cire wayar buji, don kada inji ya tashi ya sare mana hannu. Mu fitar da farfela, mu warware zaren duka. Mu sa sababbin zobba a noti biyun nan. Wannan aiki kowane mai jirgi yana iya yi da kansa.

Sauya zoben sandar farfela da na ciki aikin bakanike ne. Shi zai hura iska kaɗan cikin akwatin, ya tsoma shi a ruwa. Inda kumfa ya taso, nan yoyon yake.

Wajen zuba sabon mai, ta ramin ƙasa ake turawa, har ya ɓullo ta ramin sama. Sai mu ɗaure na sama tukuna, sa'an nan na ƙasa da sauri. Wanda ya zuba ta sama zai bar iska a ciki, akwatin ba zai cika ba. Bayan tafiya biyu ko uku, mu sake duba launin man.

Tsohon mai kuma kada mu zuba shi a kogi. Ruwan nan shi muke sha, shi dabbobinmu suke sha, cikinsa kifinmu yake. Mu tara shi a gwangwani mai murfi, nesa da yara.

Ƴan uwa, mu sauya man giya bayan kowace awa 100 ta aiki, mu kuma leƙa bayan farfela duk lokacin da muka ratsa wurin masunta. Mu da muka koyi rubutu, mu samu ɗan littafi mu riƙa rubuta ranar da muka sauya mai da launin da muka gani. Kuɗin zoben roba kaɗan ne, na sabon akwatin giya kuwa yana iya cinye ribar shekara. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu gaci lafiya.