Walda da nakiya: dalilin da ya sa ƙarfe ke yin igiyar ruwa

Duk manomin da ya taɓa kai garma ko gatarin tarakta wurin mai walda a Funtuwa ko Malumfashi ya san iyakar wannan sana'a. Ƙarfe da ƙarfe suna haɗuwa, amma idan aka kawo alminiyam a ce a liƙa shi da baƙin ƙarfe, maigidan zai girgiza kai. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, ƙarfe kuwa sai kusan digiri 1,500, kuma idan suka cakuɗa a narke sukan haifar da wani gauraye mai gautsi da ke tsagewa.

Masana sun warware wannan matsala da nakiya. Tun a Yaƙin Duniya na Farko aka lura ɓaraguzan bam suna manne wa faifan ƙarfe. Daga baya kamfanin DuPont na Amurka ya nemi rajistar fasahar, kuma da ita aka haɗa faifan da aka buga wasu kwabban Amurka na 1965.

Ana shimfiɗa faifai biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan rata a tsakani, a ɗora nakiya a kan na sama, a tayar da ita daga gefe guda. Faifan sama yakan faɗa wa na ƙasa a karkace, wurin karon kuma yana gudun kilomita biyu zuwa uku a daƙiƙa. Matsin ya fi ƙarfin ƙarfen nesa ba kusa ba, don haka fatarsa takan kwarara kamar ruwa na ɗan ƙiftawar ido. Wani siririn feshi yakan fita gaba, ya share tsatsa da datti, sai tsabtatattun fuskoki biyu su haɗu.

Idan aka yanka faifan aka duba mahaɗar da madubin ƙara girma, sai a ga igiyoyi a jere. Wanda ya taɓa tsayawa bakin madatsar Mairuwa lokacin hunturu ya ga irinsu: iska tana gudu bisa ruwa, bambancin gudun ya tayar da igiya. Wannan shi ne bayanin da Hunt ya kawo a 1968, bisa ka'idar Kelvin da Helmholtz. Shekara guda kafin nan, Bahrani da Black da Crossland sun ce feshin ne ke huda faifan ƙasa, ya tara tudu a gabansa, ya tsallake, ya sake hudawa. A 1971 Cowan da abokan aikinsa suka kamanta abin da juyin da ruwa ke yi a bayan dutse a tsakiyar kogi. Har yau masana ba su tsaya kan bayani guda ba.

Igiyar ita ce shaidar aiki. Idan gudun ya yi kaɗan, mahaɗar takan fito a miƙe ko ta ƙi kamawa. Idan ya yi yawa, igiyoyin sukan nannaɗe, narkakken ƙarfe ya taru a cikinsu, mahaɗar ta yi rauni. Idan kuwa gudun karon ya zarce gudun sauti a cikin ƙarfen, feshin yakan ƙi fita.

Da irin waɗannan faifai ake gina manyan tukwanen matatun mai da masana'antun sinadarai, ciki har da na taki, inda ake buƙatar fuskar da sinadari ba ya ci. Nijeriya kuwa ta aza harsashin Ajaokuta tun 1979, har yanzu kamfanin bai fara narka tama ba. Matashin da ke tambayar ’yan takara farashin taki yana da dalilin tambayarsu wane ne zai ƙera tukunyar da ake dafa shi.