Wutar Nijelek ta dawo, amma ondiler na kuka: ina matsalar take?

Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, gidaje da yawa a Maraɗi, Damagaram da Tawa suka rungumi wutar sola. Wasu sun sayar da dabba suka saka, wasu kuwa ƴan uwansu da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas ne suka aiko da kuɗin. Yau layin da ke kawo mana wuta daga Katsina ta Gazawa yana aiki, amma ɗaukewa ba ta ƙare ba, balle in bazara ta kama. Shi ya sa gidaje da dama ke da wuta iri biyu: ta Nijelek da ta sola, an haɗa su a cikin akwati guda da ake kira ondiler, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce ma inbata.

Akwai wata magana da ta yaɗu a gari, wadda ta riga ta ja ma mutane asara. Cewa ake: "In wutar Nijelek na nan, kunna duk abin da kake so, ondiler ba ruwanshi, hutawa yake." Wannan magana rabinta ce gaskiya.

Gaskiya ne, idan wutar gwamnati ta zo, ondiler ba ya jan batir don ya ba gida wuta. Amma wutar ba ta tsallake shi. Ta cikinshi take bi. Akwai wani ɗan makunni a ciki, masu gyara na ce mishi rele, shi ne kuke jin ya yi "ƙas" in an kawo wuta ko an ɗauke. Duk wutar da firigo, tele da dutsen guga ke sha, ta wannan rele da wayoyinshi take wucewa. Kamar zauren gida ne: komai faɗin titi, buhun da zai shiga gidan sai wanda ƙofar zauren ta iya ɗauka.

To, nawa ne faɗin ƙofar? Ya danganta da irin ondiler. Akwai waɗanda ko wutar Nijelek ce ke wucewa, ba su yarda a wuce ƙarfin da aka rubuta a jikinsu; da an wuce sai su fara kuka, su yanke. Akwai kuma waɗanda ke barin fiye da haka ya wuce, amma har iyakar amfer ɗin da relen ke ɗauka. Misali, a ondiler ɗin kamfanin Victron mai suna MultiPlus, lambar ƙarshe da ke jikin sunanshi, 16 ko 50, ita ce amfer ɗin da zai iya wucewa. A sauran kuma, sai an duba takardar da ke manne a gefe ko littafin da ya zo da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar gidajenmu bolt 220 ce. A ninka amfer da 220, sai a samu wat. Amfer 16 ke nan wajen wat 3500. Sannan a kula: abin da aka rubuta "3 kVA" ba kullum ne wat 3000 ba. A ondiler da yawa, musamman tsofaffin samfuri, wat 2400 ne kawai.

Mu ɗauki gida guda a misali, da rana tsaka a watan Afrilu, wuta ta dawo bayan awa shida. Maigida ya kunna kilim, wat 1200. Uwargida ta jona dutsen guga, wat 1500. Kwanjelater ɗin ƙanƙarar saidawa na aiki, wat 200. Bantilater uku, tele da ƙwan fitila, a ce wat 400. Jimla wat 3300. Har yanzu ba a kai 3500 ba, ko? Sai dai an manta abu guda. Batir ya sauka, ondiler na cajin shi da wannan wutar ta Nijelek. In batir na bolt 24 ne ana cajin shi da amfer 30, wat 700 da ɗoriya ke nan. Kun ga an haura wat 4000, sama da amfer 18, a ƙofar da aka yi ma 16.

Kuma kayan da ke da mota a ciki, wato firigo, kilim da injin jan ruwa, a lokacin da suke tashi suna fizgar wuta ninki uku ko fiye, na ɗan lokaci. In wutar Nijelek ta zo da rauni, kamar yadda muke gani da marece a wasu unguwanni, motocin na ƙara jan amfer, wayoyi na ƙara zafi.

Ba lalle ne ondiler ya ƙone ranar farko ba. A hankali abin ke ci. Rele na ɗaukar zafi, bakinshi na ƙonewa kaɗan-kaɗan, ƙusoshin da suka riƙe waya na saki. Ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fankar cikinshi. Wata rana sai a ji warin roba, ko a ga wurin da waya ta shiga ya yi baƙi. Wannan ba abin wasa ba ne, daga nan gobara ke tashi, kuma a gidaje da yawa ondiler da batir a ɗakin kwana suke.

Haɗari na biyu ya fi wannan saurin zuwa. Ko da ƙofar ondiler ɗinku ta amfer 50 ce, ku tuna Nijelek ba ta sallama kafin ta ɗauke. Cikin ƙiftawar ido duk kayan da ke kunne sai su faɗo kan ondiler da batir. Na'urar wat 2400 ta tsinci kanta da nauyin wat 3300. In an yi sa'a ta kashe kanta, gida ya yi duhu. In ana maimaita haka kullum, ranar da za ta mutu gaba ɗaya na tafe, batir ma rayuwarshi ta ragu.

Maganin da ya fi inganci shi ne a raba wayoyin gida kashi biyu. Kaya masu nauyi, irin su kilim, dutsen guga, rishon lantarki, butar dafa ruwa, injin ruwa da injin walda, a ja musu layi kai tsaye daga kontar ɗin Nijelek, kada su bi ta ondiler sam. In an ɗauke wuta, su tsaya. Fitilu, bantilater, tele, cajin salula da firigo su ne za su bi ta ondiler. Wanda ba shi da halin sake waya yanzu, to aƙalla a kafa doka a gida: guga da kilim ba su haɗuwa lokaci guda, kuma mai gyara ya rage ƙarfin cajin batir daga wutar Nijelek.

Sai kuma kariya. A saka disjonkter kafin ondiler da bayanshi, daidai da amfer ɗin da littafin ya faɗa. Waya ita ma ta dace: mai kaurin milimita murabba'i 2.5 ba a wuce amfer 20 da ita, amfer 32 kuwa sai mai milimita murabba'i 6. In disjonkter na yawan faɗuwa, gargaɗi yake yi. Kada a bari wani ya cire shi ya saka babba, ko ya haɗa wayar kai tsaye.

Ku kuma ƴan uwanmu da ke waje, kafin ku turo kuɗin sola, ku buƙaci mai haɗawa ya amsa muku abu uku: wat nawa ondiler ke bayarwa daga batir, amfer nawa ke iya wucewa ta cikinshi in wutar Nijelek na nan, kuma waɗanne kaya ne zai bari a wajenshi. Ya ɗauki hoton takardar da ke jikin na'urar ya turo muku ta WhatsApp. Wanda ya san aikinshi ba zai ji haushin tambayar ba.

Wanda ya ji warin ƙuna daga ondiler ɗinshi, ya kashe wuta daga kontar, ya kashe na'urar, ya kira mai gyara, kada ya zuba ruwa. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu.