Motar da Ke Mutuwa a Tsakiyar Titi

 Shirinmu na musamman yau daga Ƙofar Wambai yake zuwa muku, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi. Duk mai bin titin ƙofar nan da safe ya saba gani: mota ta rage gudu don ba mai keke Napep hanya, sai ta yi tari sau biyu ta mutu, 'yan acaɓa na ta danna hon, mai ita ya leƙo yana neman masu turi. Me ke kawo haka, kuma ta ina za a fara?

A da can, lokacin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, bakanike da kunnensa da sukurdireba sun wadatar, domin kafireta ce ke raba mai. Motocin da suka cika Bauchi yanzu kuwa, su Golf da Vectra da Peugeot 406 da Camry, yawancinsu 'yan Kwatano ne da suka haura shekara 20, kuma injekta gare su. Akwai ƙaramar kwamfuta a ciki, wadda ba ta sakin mai ko wuta sai sansa-sansa sun ba ta labari. Idan labarin ya yanke, ko ya zo a karkace, inji ya tsaya.

To, malam mai mota, aikin farko naka ne: ka lura da lokacin da take mutuwa. Idan tana tashi lafiya da safe, sai ta yi zafi ta ɗauke kamar an zare makulli, ta ƙi tashi sai ta huce, a fara zargin sansar kiransha, wadda ke ƙirga juyin inji. Ka dubi allurar juyin inji yayin da kake ba ta kik. In ko motsi ba ta yi, zargin ya ƙara ƙarfi.

Idan kuma sai ka ɗaga ƙafa daga totur take mutuwa, a mahaɗar hanya ko cikin cunkoso, wato ba ta riƙe silo, sau da yawa datti ne ya toshe maƙogwaron iska, ko wani tiyo ya tsage yana shan iska ta ɓarauniyar hanya. Ƙurar hunturu ma na da hannu. Sansar da ke auna iska tana da wata 'yar waya siririya a ciki, in ƙura ta lulluɓe ta sai lissafin mai ya rikice. Akwai maganin feshi na musamman da ake wanke ta da shi. Ba a goga ta da tsumma, ba a tsoma ta a fetur.

Sai batun mai. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya: famfon mai zai yi 'yar ƙara ta kamar daƙiƙa 2. In shiru, ko ƙarar ta zama kuka, akwai magana. Famfon nan cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawanmu lita kaɗan muke sha, allura kullum a ƙasa, famfo na aiki da zafi yana zuƙo dattin gindin tanki. Ba a manta da gurɓataccen fetur da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ba, balle na jarkar 'yan bumburutu.

Yanzu ga inda kuɗi ke zurarewa. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, suna da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. In na'urar ta nuna lambar P0335, sai ka ji an ce, "Alhaji, kwamfuta ta ce sansa ce, kawo kuɗi." Lambar nan layin sansar kiransha take nunawa gaba ɗaya, tun daga ita kanta har wayarta da soket ɗinta. A tsohuwar mota, zafi ya gasa wayoyi, ɓera ya ci wasu, ruwan wankin inji ya shiga soket ya yi tsatsa. Gwanin mai wayarin zai auna layin da mita, ya girgiza waya inji na aiki, ya duba kan batir da wayar at, kafin ya aike ka kasuwa. In ta tabbata sansar ce, a tuna araha ba ta ado: jabu kan mutu da wuri, a dawo gidan jiya.

Abubuwa uku muke roƙo a daina. Cire kan batir don fitilar gargaɗi ta mutu kafin a kai gareji, domin shaidar da bakanike zai karanta ce ake gogewa. Zare ƙwan fitilar ɗungurum. Da cire tamostat a jona fanka kai tsaye, wanda ke hana inji kai zafin da ya dace, kwamfuta ta yi ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi.

In ta mutu maka kana tafiya, a hanyar Jos ko ta Gombe, sitiyari zai yi nauyi, burki kuma zai taurare bayan taku ɗaya ko biyu. Kada ka zare makulli, sitiyari na iya kullewa. Kunna fitilun haɗari, ka gangara gefe a hankali.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a abin hawa. Mu kasance lafiya.