Injin mota na zafi: yadda wayar hannu ke taimakawa a gano inda matsalar take

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, ba a rasa ganin mota a gefen titi an ɗage bonet, tururi na tashi. Sau da yawa abin da ya jawo hakan ƙaramin abu ne, kamar fiyus ɗin fanka ko murfin lagireto. Amma idan direba ya ci gaba da tuƙi a haka, gaskit na iya ƙonewa, kan inji ya lanƙwashe, gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma sauke inji.

Allurar zafi da ke dashbod ba ta faɗar komai dalla-dalla. A motoci da yawa an tsara ta ne ta tsaya a tsakiya ko da zafin na hawa da sauka, sai abu ya yi nisa take motsawa. Wasu motocin ma fitila kawai gare su. A nan ne wayar hannu ke da amfani.

Na'urar da ake buƙata

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai masu amfani da fetur daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Yawancin motocin Tokumbo da na Beljiyam da ke kan titunanmu suna da ita. A wannan kafa ake soka wata 'yar na'ura mai girman akwatin ashana, wadda aka fi sani da ELM327, ita kuma ta haɗu da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi.

Masu Android na iya sauke manhajar Torque ko Car Scanner. Masu iPhone su lura, tsofaffin na'urorin Bluetooth ba sa haɗuwa da ita, sai mai Wi-Fi ko Bluetooth LE, kuma Car Scanner na aiki a kanta. Da zarar an haɗa, wayar za ta nuna ainihin zafin ruwan inji a lambobi, kamar yadda kwamfutar motar ke karanta shi. A yawancin motoci, zafin da ya dace yana tsakanin digiri 85 zuwa 105. Idan lambar ta wuce 110 tana ci gaba da hawa, lokacin tsayawa ya yi.

Yaushe zafin ke hawa?

Wannan tambayar ce ke rage yawan lalube. A bar manhajar a buɗe yayin tafiya, wanda ke gefen direba ya riƙa duba ta.

Idan zafin na hawa a cunkoso ko mota na tsaye, amma ya sauka da an kama hanya, fanka ake zargi. A guje iska ce ke sanyaya lagireto da kanta, a tsaye kuwa sai fanka. A bar injin na aiki a tsaye, a ga ko fankar za ta tashi idan lambar ta kusa 100. In ba ta tashi ba, a fara da fiyus da rile kafin a sayi sabuwar fanka.

Idan kuma a cikin gari lafiya lau, sai an hau babbar hanya ko an ɗauki kaya zafin ke tashi, to ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ba ya fitar da zafi. Ƙurar hunturu da ƙwari na toshe fuskarsa ta waje. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗura masa kuma yana barin tsatsa da ƙanzo a ciki. Famfon ruwa da ya gaji ko bel da ya saki su ma suna kawo haka.

Idan zafin ya yi sama cikin mintuna kaɗan da tayar da mota, ga ruwa cike, amma tiyon lagireto ɗaya na zafi ɗayan na sanyi, mai yiwuwa tamostat ya maƙale a rufe.

Alamar da ta fi muni ita ce ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wannan gaskit ne, kuma ba a ci gaba da tuƙa irin wannan mota.

Manhajar tana kuma karanto lambobin matsala. P0217 na nufin inji ya yi zafi fiye da ƙima, P0480 na nuni ga layin wutar fanka, P0115 zuwa P0119 kuwa sun shafi sensar da ke auna zafin ruwa.

Batun cire tamostat

Al'ada ce a garejojinmu a cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye, da hujjar cewa an yi shi ne don ƙasashe masu sanyi. Aikin tamostat shi ne ya bar inji ya kai zafin da aka tsara masa, ya kuma riƙe shi a nan. Idan babu shi, inji na daɗewa bai ɗumama ba, kwamfuta na ƙara masa fetur, shan mai ya ƙaru. Sannan ainihin matsalar tana nan, an dai rufe ta ne. Mai shirin sayen mota zai iya gane haka da wayarsa: idan an yi tafiyar minti 20 zafin bai kai 75 ba, ko lambar P0128 ta fito, akwai alamar an cire tamostat ko ya maƙale a buɗe.

Idan abin ya faru a hanya

A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a kunna hita har ƙarshe don ta janye wani zafin, sannan a nemi wuri a tsaya a kashe inji. Kada a buɗe murfin lagireto nan take. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa na iya haura digiri 100 bai tafasa ba, da an buɗe kuma zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30. Kada kuma a watsa ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfen na iya tsagewa. Bayan ya huce, a ƙara ruwa a hankali. Ruwan kulan mai launi ya fi, domin yana hana tsatsa, yana kuma daɗewa kafin ya tafasa.

Wayar ba za ta ga tiyo da ya fashe ko murfin da ya daina riƙe iska ba, wannan sai ido da hannun bakanike. Amma mai motar da ya isa gareji ya ce zafin na kaiwa 112 a cunkoso kuma fanka ba ta tashi, ya riga ya nuna wa bakanike inda zai fara dubawa, kuma da wuya a sa shi sayen kayan da motarsa ba ta buƙata.